Shekarar da Na Durƙusa wa Kwamiti

Tun shekaranjiya sama ba ta huta ba a Hadejia. Marka ce sosai, irin wadda ba ta tsawa ba ta walƙiya, sai dai ta yi ta zuba har gishiri ya narke a kwano. Ina zaune a zaure na miƙe ƙafa, jikata Safiya ta bar mini rediyo a kunne, sai ga wani babban mutum yana jawabi a kan jami'o'in gwamnati. Wai ƙofarsu a buɗe take ga ɗan kowa, wai tun zamanin iyayensu haka take, ɗan masunci da ɗan kwamishina benci ɗaya. Muryarsa har maiƙo take yi, da ji ka san bai taɓa sanin wata yunwa ba sai ta azumi. Na kira Safiya ta zo ta kashe mini shi kafin in yi abin da zai sa a sayi sabuwar rediyo. Ta yi dariya, don ta san halina. Ni kuwa na san ƙofar da yake magana a kai, na taɓa zuwa bakinta a irin wannan marka.

Shekarar da ta biyo bayan babban farin nan ce. Muna cikin Jihar Kano tukuna, ana ta labarin kuɗin fetur ya zo, mu dai a bakin matafiya muke jin sa. Ƙauyenmu yana kan wani ɗan tudu a fadamar Auyo, rayuwarmu duka a kan zuwan kogi take. A shuka gero a tudu da ruwan farko, a watsa shinkafa a fadama, sannan a zauna jiran ruwan Kano ya gangaro ya shiga gonaki a hankali. A shekarar farin bai zo ba. Shinkafa ta tsiro ta bushe a tsaye, gero ya ƙone tun bai yi kai ba, rumbuna suka zama wurin kwanan kaji. Da wata damina ta zagayo, sai ruwan ya zo da na bana da na bara a haɗe, ya tarar da mu muna kankare gindin rumbu.

Ni lokacin na gama sakandare ta kwana, na ci jarrabawa da kyau, jami'a ta ba ni gurbi a ajin share fage da nufin in karanta aikin injiniya. Amma gurbin ba ya ciwuwa sai da sukolashif na jiha, wato gwamnati ta ɗauki nauyin ci da kwana da littattafai. Shi kuma sukolashif sai an je Kano an zauna gaban kwamiti an yi intabiyu. Wanda bai samu ba kafin a buɗe makaranta, a ba wani gurbinsa. A ƙauyenmu ba a taɓa samun wanda ya kai ko rabin nan ba, saboda haka maganar ta tashi daga tawa ta koma ta gari.

Wani mai hikima a ofis ya duba watannin shekara kaf, bai ga wanda ya dace da intabiyu ba sai tsakiyar marka. Ina kyautata zaton shi ruwa a famfo kawai ya san shi. A watan nan ƙauyukan fadama ba sa shiguwa ba sa fituwa sai da kwalekwale. Amma ɗan birni zai iya tako kwalta da lema, to me ya rage?

Safiyar gidanmu a kwanakin nan da hayaƙi take farawa. Itace a jiƙe, Inna ta durƙusa tana hura wuta har idonta ya yi ja, a dama kunu mai ruwa-ruwa wanda za ka iya ganin gindin ƙwarya ta cikinsa. Daga nan mata su fita da kwanduna, su yi ta bin gefen tudu suna tsinkar tafasa da yaɗiya. Masu ƙarfin hali su shiga ruwa har ƙugu su ciro bado. Kifi akwai, wannan ba zan yi wa Allah butulci ba, tarwaɗa da karfasa har cikin lungunan gari. Amma wanda ya yi sati yana cin kifi da ganye ba ƙwayar hatsi ya san cikin mutum ba ya yarda da wayo. Ka ci ka ƙoshi, kafin ka wanke hannu hanjinka ya fara kuka. Ga sauro tun la'asar, ga tufafi ba sa bushewa sai dai su yi warin gumi da laka. Kowace safiya sai an ji katangar wani ta zauna.

Hatsin da ya rage a gidanmu yana cikin wata tukunya a ƙarƙashin gadon Inna, dawa ce. Kullum da yamma takan ɗebi kaɗan ta daka, ta tuƙa tuwo ɗan mitsitsi, malmala ɗaya tak. Ni ne ɗanta namiji na fari, ba ta kama sunana, sai ta miƙa wa yayata Talatu kwanon ta ce, “A kai wa mai karatu.” Ita Talatu ta dawo gida wankan jego ne, ga jariri a hannu yana tsotson nonon da ba komai a ciki. Ita ke kawo mini tuwon, ta ajiye, ta koma ta ci tafasa.

Ranar farko na tura mata kwanon. Ta mayar mini da shi da ƙafa, don hannunta na riƙe da yaro.

“Ci, Zakari. Ba don kai ake ba ka ba, don karatunka ake ba ka. In ka zama injiniya ka saya mini buhu.”

“Yaya, ke ke shayarwa.”

“Na sani, ai ni na haife shi. Ci kafin ya huce.”

Na ci. Na ci gaba da ci kullum, ina jin kukan yaron ta bayan zana, kuma har yau ban manta ɗanɗanon tuwon nan ba.

Maza kuwa aikinsu jinga, wato tudun laka da ake ɗagawa tsakanin ruwa da gonakin gero. Da hantsi a buga ganga, kowane gida ya fito da namiji da galma da kwando. A haƙo laka, a jera kara da ciyawa, a danne, a tattake. Ruwa ya ci nan, a ruga can. Mutanen da ba su karya da komai ba sai kunun nan su wuni tsirara rabi a cikin ruwa, ƙafafunsu su yi fari su kwailaye, matsattsaku su manne musu a ƙauri. Da na ɗauki kwando na bi Baba rana ɗaya, Mai unguwa ya hango ni ya ɗaga hannu.

“Malam Haruna, mayar da yaron nan gida. In zazzaɓi ya kama shi wa za mu aika Kano? Ni?”

Aka yi dariya, aka kore ni. Na koma ɗaki na zauna inda ba ya yoyo, na buɗe littattafan da sanyi ya lanƙwasa, ina bitar lissafi da kimiyya, ganga tana ta tashi daga bakin ruwa. Na haddace abubuwa da yawa a watan nan. Ko ɗaya ba a tambaye ni ba.

Takalmi Kawu Ɗanjuma ya ba ni aro. Ƙanen Inna ne, tsohon soja, ya dawo daga yaƙin basasa da baƙin takalmi sau-ciki wanda ba ya sawa sai Sallah. Ya yi mini yawa, aka cusa auduga a gaba. Inna ta wanke farar rigata ta makaranta, ta shanya ta a kan murhu tana juyawa don kada hayaƙi ya kama ta.

Ana gobe tafiya, bayan sallar la'asar, Baba ya kira ni zaure. Shi ne ya san manya a gidanmu, domin ya sha zuwa gaban hakimi a kan rikicin gona da makiyaya, sau ɗaya ma har gaban alƙali, kuma bai taɓa dawowa da kunya ba. Ya zaunar da ni ya ba ni abin da ya mallaka.

“Zakari, karatu naka ne, ban san shi ba. Amma shiga gaban manya na sani. Tun daga nesa ka cire takalmi. In ka shiga ka durƙusa, ko sun nuna maka kujera kada ka hau, gwaji ne. Kada ka dubi idon babba. In an tambaye ka, ka ɗan jinkirta, mai saurin amsa ba shi da nauyi. In sun ce za ka iya, kada ka ce za ka iya. Ka ce sai yadda Allah ya yi, sai yadda suka gani. Babba ba ya son yaro mai cika baki.”

“To, Baba.”

“Shi ke nan. Wanda ya riƙe wannan ba a koro shi daga ko'ina.”

Da safe ruwa na yayyafi muka shiga kwalekwalen Kawu. Na ɗaure takalman da igiyoyinsu na rataya a wuya, rigar da takarduna suna cikin ƙwarya an rufe da faifai, na ɗora a ka. Guzurina gumba ce, Inna ta nemo geron a maƙwabta ban san da wane baki ba. Muka bi ta kan gonakin mutane, Kawu yana tura gora yana faɗa mini gonar wane ce muke kai. Nan ta wane, nan ta wane, duk ruwa ne shimfiɗe sai kan ciyawa. Muka wuce 'yan jinga, suka miƙe da laka har wuya suna ɗaga mini hannu, wani ya ce in gaishe da gwamna. Inda ruwa ya ƙare na sauka na taka da ƙafa zuwa Hadejia, daga nan babbar mota zuwa tashar Malam Madori, daga nan jirgin ƙasa. Takalman ba su taɓa laka ba. Sai a ƙofar ofishin a Kano na goge ƙafa na sa su.

Ofishin dogon gini ne mai baranda, an jera benci. Samari cike, yawancinsu da kwat da lakataye, suna ƙamshin sabulu. Na kusa da ni wani ne Bashir, ɗan wani babban ma'aikaci. Ba shi da wulaƙanci, shi ya fara ba ni hannu, har ya gaya mini da dariya cewa da ƙyar ya tsallake lissafi. Na tambaye shi ko ba ya jin tsoro.

“Tsoron me? Ai babana ya yi ta yi mini gwaji a gida. Ka shiga, ka zauna, ka dube su, ka yi magana da ƙarfi. Rabinsu ma a falonmu suke shan shayi.”

Na ji maganarsa, amma sai na ce a raina, ɗan birni ne, ba a yi masa tarbiyya ba, bari ya shiga ya gani. Ya shiga. Ta ƙofa ina jiyo su suna dariya tare. Ya fito yana gyara lakataye ya ce Allah ya ba ni sa'a.

Kada wani ya ɗauka ban taɓa zama a kujera ba. A makaranta malamanmu Turawa ne da Indiyawa, muna tsayawa a gabansu mu dube su mu amsa tambaya, har gardama nakan yi da malamin lissafi. Amma su malamai ne, kuma baƙi. Da masinja ya kira sunana ya buɗe ƙofa, abin da na gani dattawa ne Hausawa a bayan dogon tebur, sa'o'in Baba, da manyan riguna masu aiki da huluna, ɗaya har da rawani. Ban yi shawara da kaina ba. Ƙafata ce ta zame daga takalmin Kawu a bakin ƙofa, na shiga na zube a kan darduma, na sunkuyar da kai na ce, “Ranku ya daɗe.”

Fanka tana juyawa a sama. Ina kallon ƙafafuna, ruwa ya cinye tsakanin yatsun sun yi fari, na san su ma su suke kallo.

Ciyaman, wani mai ƙiba da tabarau, ya ce, “Kai, nan ba fada ba ce. Ga kujera.”

Na tuna gwaji ne. Na ce, “Nan ma ya isa, ranka ya daɗe.”

Wani ya yi dariya ta hanci. Ciyaman ya juya takarduna da ɗan yatsa ɗaya.

“Daga ina?”

“Daga ƙasar Auyo, ranka ya daɗe.”

“Ɗaga murya. Me ubanka yake yi?”

“Noma da kamun kifi.”

“Injiniya kake so ka zama. Kana ganin za ka iya?”

Amsar tana bakina. Sakamakona yana gabansa, ya fi na duk wanda na yi hira da shi a benci. Na jinkirta kamar yadda aka koya mini, sannan na ce, “Sai yadda Allah ya yi, ranka ya daɗe. Sai yadda kuka gani.”

“Mu muke tambayarka, kai kuma kana tambayarmu?”

Na ƙara sunkuyar da kai. Sai ya juya ga na kusa da shi ya yi magana da Turanci, bai ko rage murya ba. Wataƙila a ganinsa wanda ya durƙusa ba ya jin Turanci, ko da takardar da ke hannunsa ta ce ya ci shi da yabo. Ya ce yaron ba shi da ƙarfin zuciya, shi kansa bai yarda da kansa ba, jami'a za ta haɗiye shi. Na kusa da shi ya ce irin waɗannan sun fi dacewa da koyarwa a ƙauye, can za su fi amfani. Mai rawanin kuwa goronsa yake ci. Aka ce in tafi, za a ji sakamako. Na ja da baya ban juya musu ƙeya ba, na sa takalmina a waje.

Ban tafi nan take ba. Na zauna a ƙarshen baranda har aka tashi sallar azahar. Ciyaman ya fito yana baza riga, direbansa ya rugo ya zube ƙasa ya karɓi jaka, ciyaman ya bar shi a durƙushe har ya gama magana da wani. Sai tsohon masinjan nan, mai furfura, ya kawo masa hularsa ta sallah ya miƙa masa a tsaye. Ciyaman ya dube shi daga sama har ƙasa.

“A tsaye kake ba ni? Ku mutanen yanzu ba ku da tarbiyya.”

Tsohon ya durƙusa ya sake miƙawa.

A nan na gane su, kuma tun daga ranar ban ƙara ganin girman irinsu ba. Sun san durƙuson nan sarai. A cikinsa aka haife su, da shi suke karyawa, in an hana su shi rana ɗaya sai sun yi zazzaɓi. Suna so ɗan talaka ya durƙusa musu a ƙofar gida, a bakin mota, a kasuwa, a ko'ina. Ɗaki ɗaya ne kawai a duniya suka ware inda durƙuso yake zama laifi, shi ne ɗakin da ake raba jami'a. Kuma ba su gaya wa kowa ba sai 'ya'yansu. Ban taɓa jin na yi kuskure ba. Na gaida dattawa yadda aka koya mini a gidan mutunci, su ne ba su cancanci gaisuwar ba.

Na koma gida ta hanyar da na zo. Na mayar wa Kawu takalmansa, ya duba ƙasansu ya ce ashe ma ban taka su ba. Kowa ya tambaye ni yaya Kano, na ce lafiya lau, sai jiran sakamako. Inna ta ci gaba da tuƙa malmalar nan har tukunyar ta ƙare, ban iya ce mata ta daina ba.

Marka ta ɗauke. Ruwa ya fara ja da baya yana barin laka mai wari da ƙananan kifaye a kwatami. Jinga ta riƙe, gero ya tsira a rabin gonaki, yara suka fara gasa tumu tun bai gama nuna ba, gari ya cika da ƙamshinsa. Ɗan Talatu ya rayu, ya fara yin kumatu. A lokacin ne na taka zuwa Hadejia na duba a ofishin ilimi. Sunan Bashir yana nan. Nawa babu. Aka buɗe jami'a, aka ba wani gurbina. Kafin shekara ta zagayo na karɓi aikin koyarwa a firamare, domin gida na bukatar hatsi, kuma a kan allon nan na tsufa. Hasashen na kusa da ciyaman ya cika, tunda su suka yi hasashen kuma su suka cika shi.

Ranar da na dawo da labarin, na sami Baba a zaure yana gyaran komar kamun kifi. Na durƙusa na gaya masa. Bai ɗago ba, ya ci gaba da ɗaurin zarensa har ya kai ƙarshen layi.

“Ka cire takalmi?”

“Na cire, Baba.”

“Sun ba ka kujera?”

“Sun ba ni. Ban hau ba.”

“Ba ka dubi idonsu ba? Ba ka cika baki ba?”

“Ko kaɗan.”

Ya ajiye komar a cinya. Na ga yana bin abin ɗaya bayan ɗaya a ransa, yana neman inda aka samu giɓi, domin a saninsa manya ba sa hana mai ladabi sai da dalili.

“To,” in ji shi a hankali, “wani ne ya fi ka ladabi. Allah ya sa haka ne mafi alheri. In an sake kira, sai ka ƙara ƙanƙan da kai.”

Na ce, “To, Baba.”

Har ya rasu ban gaya masa abin da aka faɗa a ɗakin nan ba. Ban so ya san irin mutanen da ya ƙare rayuwarsa yana cire wa takalmi ba.